An Taje Tudun Hilkka

Hilkka ta fito daga daji tun rana ba ta take tsaka ba, ta buga bokitinta a kan motata har na farka a firgice, hulata ta faɗa tsakanin ƙafafuna.

"Tashi, tsohon munafuki!"

Bokitin ya yi ƙara irin ta abin da babu komai a cikinsa. A nan na san akwai magana. Shekara da shekaru ni nake kawo matar nan ƙarshen wannan hanya duk bazara in mustikka ta nuna, 'ya'yan dajin nan ƙanana masu shuɗi-baƙi da muke tsinka, in ajiye ta, in kwantar da kujera in yi barcina. Ban taɓa ganin ta fito kafin la'asar ba, ban kuma taɓa ganin ta fito da bokitin da mutum zai ɗaga da yatsa ɗaya ba.

"Matar yaya, lafiya? Maciji ne?"

"Macijin yana cikin mota da hula. Wa ka gaya wa?"

"Na gaya wa me?"

"Ka bi ni a baya, Urho. Ka laɓe ka ga wurin, ka je ka sha abin da kake sha, bakinka ya buɗe."

Hilkka matar yayana ce, marigayi Veikko. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu muke zagin juna, yau ga shi duk mun haura tamanin, kuma ita ce babba ko da yake ba za ta yarda ba. Ta kira ni rago, ta kira ni ɓarawon man shanu, duk na shanye ina dariya. Amma ba ta taɓa kirana da mai tona asiri ba sai ranar nan.

Ni kuwa ba mutumin da ake yi wa haka ba ne. Aji huɗu na yi a makaranta, malamin ya ce kaina katako ne, na shiga daji na saro katakon da ya gina rabin gidajen garinmu Suomussalmi, har da nasa. Ƙanƙara ta taɓa fashewa da ni da dokina a tsakiyar tafki, dokin ya tafi, ni na fito da ƙafata. Likitan da ya tsaga ƙirjina ya ce in yi sallama da dangi, ni na je jana'izarsa. Duk arewacin Finland babu wanda zai ce Urho ya taɓa kai maganar wani gaba.

A wajenmu daji na kowa ne. Ko filin na wani ne, doka ta ba ka izini ka shiga ka tsinki abin da ya fito da kansa. Don haka ba shinge ke tsare wurin tsinka ba, rufin baki ne. Kowane gida da nasa wurin, kuma mutum ɗaya tak ake nuna wa, shi ma don in an ga ba ka dawo ba a san inda za a nemo ka. Mahaifiyarmu ba ta nuna wa Veikko nata ba, ba ta nuna mini ba. Ta ce maza in sun shiga sauna, ɗakin wankan tururi, da kwalbar giya har sirrin kabari sai su faɗa. Surukarta Hilkka ta kama ta kai. Ita kuma Hilkka da girma ya zo ta nuna wa ɗanta Jarmo, wanda ke aikin ofis a Oulu. Da a ce na so, da tuni na gano wurin da hancina kawai. Ban so ba ne.

Mutum biyu ke nan suka san tudun nan a duniya, kuma ba na cikinsu. Na buɗe baki zan faɗi haka, na dubi fuskarta, na rufe.

"Fito," in ji ta. "Zo ka ga aikinka. Yanzu ai babu abin ɓoyewa."

Haka na shiga wurin mahaifiyata a karo na farko, ina bin bayan tsohuwa kamar wanda aka kama da sata. Muka ratsa ta cikin itatuwa, muka keta wata 'yar fadama da takalman robarmu, sauro na yi mana rakiya. Tana tafiya ba ta ko duban ƙasa. Ni na ɗan tsaya sau biyu, ba don numfashi ba, ina duba irin itatuwan wurin ne.

Muka zo wani rafi da aka gicciya wa gungume. Na gane shi daga labari. A nan ta zame bara ta karya hannu, ta yini a kwance sauro na cin ta. Da na gaji da jira na buga wa Jarmo waya, ya taso daga Oulu kamar zai tashi sama, ya shiga ya goyo ta ya fito. Tun daga ranar ba shi da zance sai na gidajen tsofaffi da aka gina a cikin gari kusa da asibiti, masu ƙararrawa a gefen gado. Ita kuma ba ta da amsa sai ta ƙara masa gahawa.

Ta haye gungumen kamar yarinya. Na haye nima.

Tudu ne mai fuskantar hantsi, itatuwan sun ba da tazara yadda rana ke sauka a ƙasa. Ko makaho ya san wuri ne mai albarka. Amma an taje shi tas. 'Yan tsinkar kamfani ba da yatsu suke aiki ba, wani abu suke ja mai haƙoran ƙarfe kamar mataji da dogon mariƙi, ya kwashe nunanne da ɗanye har da ganye. Gajerun tsire-tsiren nan da ya kamata a ce sun yi baƙi ƙirin da 'ya'ya, ga su nan tsirara, an karya kawunansu. Sawun takalma ya yi hanyoyi a kan gansakuka. A gindin wani dutse an zauna an ci abinci.

"Nan surukata take zama ta cire takalmi," in ji Hilkka, tana nuna dutsen. "Uwarka."

Na cire hula. Ban san me ya sa ba.

"Hilkka, na rantse da kabarinta ban taɓa taka wurin nan ba sai yau."

"Rantsuwarka da tusar doki duk ɗaya."

Sai ta durƙusa. Na ɗauka kuka za ta yi, ashe aiki ne. Ta cusa hannu ƙarƙashin saiwa da gefen duwatsu, inda mataji ba ya kaiwa, tana zaro 'ya'yan da suka tsira ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ta jefa sai ka ji ƙararsa a gindin bokiti.

"Bari mana, mu tafi. Wannan ko tsuntsu ba zai ƙoshi ba."

"Jarmo na zuwa da yamma. Tun yana rarrafe bai taɓa rasa piirakka ba, kek ɗin da nake gasa masa da tsinkar farko, ba kuma zai rasa ta bana saboda kai ba. In ba za ka taya ni ba, matsa mini daga rana."

Na durƙusa na taya ta. Abin da na tsinta ya fi nata, ko da yake ita ta ce rabi ganye ne. Muka yi ta rarrafe kamar kaji har gwiwoyinmu suka jiƙe, yatsunmu suka rine. Da ƙyar muka rufe gindin bokitin.

A hanyar komawa, da muka hau kwalta, ta ce:

"Bi ta gari. Babu kindirmo a gida."

Na tsaya a filin kasuwa, gaban kanti. A can gefe Seppo ya girka babbar motarsa da sikeli. Shi ke sayen 'ya'yan daji a madadin wani kamfani, shi ke kuma kula da 'yan tsinkar da ake kawowa daga Thailand duk bazara. Ga su nan wasu a zaune a inuwar tsohuwar bas, suna cin shinkafa a robobi, hannuwansu sun yi shuɗi har gwiwar hannu, fuskokinsu duk cizon sauro. Wani ma barci ya kwashe shi da cokali a hannu. Hilkka ta dube su ta daɗe.

"Waɗannan ba su da laifi," ta ce a hankali. "Inda aka nuna musu suka je."

Ta kalle ni ta wutsiyar ido, ta buɗe ƙofa ta fita. Ba ta kai bakin kanti ba Seppo ya hango ta. Ya taho yana goge hannu a wando, bakinsa har kunne.

"A'a! Inna Hilkka da kanta! Ai ina ta cewa sai na zo har gida na yi godiya. Baba Urho, kana nan ba ka mutu ba?"

"Sai na binne ka tukuna."

"Godiyar me?" in ji Hilkka.

"Haba Inna, kin fitar da ni kunya. Bana daji ya yi rowa, sanyin ƙarshe ya ƙone furanni ko'ina, mutanena sun yi ta yawo a banza har na rasa abin da zan gaya musu. Sai ga Jarmo ya zo ya same ni a nan. Ya sa ni a motarsa, ya kai ni da ƙafarsa har kan tudun. Ya ce kin ajiye bokiti, kin ce a ba masu sauran ƙarfi kada abin ya ruɓe a banza. Na ce a ba shi wani abu, ya ce ko kusa, kyauta ce daga gare ki. Inna, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba! Ashe shi ya sa kike rufe baki shekara da shekaru!"

Ya yi dariya shi kaɗai. Na dubi Hilkka. Jakar hannunta ce kawai na ga ta matse a ƙirji.

"Haka ya ce? Ni na aiko shi?"

"Haka ya ce. Tsaya ma." Ya juya ya ciro bokiti cike taf daga bayan motar. "Ga wannan, na wurinki ne, ki yi piirakka. Kada ki ce a'a."

Ni har na miƙa hannu.

"Ina da nawa," in ji ta. "Na gode, Seppo. Ka ba yaran nan maganin sauro, ka ji?"

Ta shige kanti. Seppo ya tsaya da bokiti a hannu yana kallona.

"Na faɗi wani abu ne?"

"Ka faɗi komai," na ce masa.

Da ta fito ta shiga mota, ta ajiye mini ƙunshin takarda a cinya. Tsiren nama ne mai zafi, irin wanda ake gasawa a bakin kanti, an shafa masa yaji kamar yadda nake so.

"Wannan ce ban haƙurin?"

"Ci ka yi shiru."

"An kira ni munafuki, an kira ni maciji, an sa ni rarrafe a tudun uwata..."

"Urho."

Na tayar da mota. Duk tsawon hanya tana kallon taga, bokitin na tsakanin ƙafafunta, 'ya'yan na gangarawa daga wannan gefe zuwa wancan duk lokacin da na sha kwana.

Na ɗauka ba za ta yi gashin ba. Da ni ne, da na watsa wa kaji 'ya'yan na kulle ƙofa. Amma muna isa ta ɗaura gyalen aiki ta ce in hura tanderu. Tana da na lantarki da Jarmo ya saya mata, tukwane take ajiyewa a ciki. Na faskara itace na hura. Ba don ina yabon kaina ba, wutar da na hura ba ta taɓa ƙona gashi ba.

Ta zube 'ya'yan a kan farin ƙyalle ta zauna tana tsince ganye da tsinke. Ba ta wanke su, ta ce ruwa na kashe ɗanɗano. Ta murza man shanu da sukari da hannu, ta fasa ƙwai, ta zuba fulawa, ta cuɗa. Ta ɗauko babban farantin gashi na kullum, mai baƙin gindi, ta riƙe shi ta dubi 'ya'yan da ke kan ƙyalle. Ta mayar da shi. Ta laluba can ƙuryar kabad ta zaro wani ƙarami, wanda ban taɓa ganin ta yi amfani da shi ba.

Ta danna ƙullin da yatsu har ya hau gefen farantin. Ta kaɗa kindirmo da ƙwai da sukari ta zuba. Sannan ta shiga jera 'ya'yan. Piirakkar Hilkka baƙa ce ƙirin, in ka yanka ruwanta ke bin wuƙa, ka ci ka yini da baƙin harshe. Ta yau kuwa, ko a ƙaramin farantin ma farin kindirmo na leƙowa ta ko'ina. Ta yi ta matsar da 'ya'yan da ɗan yatsa tana neman rufe gurbi, in ta rufe nan can ya buɗe.

"Da kin karɓi bokitin Seppo."

"Da na ci nawa a hannun wani?"

Na kwashe garwashi. Ta watsa ɗan gari a ƙasan tanderun, ta ga yadda ya yi ja, ta tura farantin ta rufe. Muka zauna. Ƙamshi ya fara cika ɗakin, man shanu da 'ya'yan daji, irin ƙamshin da tun ina yaro in na ji shi na san bazara ta yi.

"Ni na yi wa Jarmo wanka a bahon can," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Ranar da na kai shi tudun, sai da na sa ya cire hula."

Ni mutum ne da ya san lokacin yin shiru.

Piirakkar na shan iska a bakin taga motar Jarmo ta shigo. Ya fito, dogo kamar ubansa, gashinsa ya fara fari, ya rungumo wasu robobi masu murfi a ƙirji. Ya cire takalmi a ƙofa.

"Inna! Baffa, kana nan kana cinye mana abinci?"

"Ina nan, ɗan birni."

Ya sumbaci uwarsa a goshi ya ajiye robobin a kan tebur. Mustikka ce, an tsince an gyara, manya-manya.

"Na gani a kasuwar Oulu na ce bari in riƙo miki. Ko da bana daji bai yi ba."

"Wa ya ce maka bai yi ba?"

"Haka dai ake faɗa."

"Zauna."

A gidanmu ba a faɗa kafin a sha kofin farko. Ta shimfiɗa ƙyallen tebur, ta fito da kofunan baƙi, ta zuba gahawa. Ta ɗauko piirakkar ta ajiye a tsakiya. Na ga idon Jarmo ya sauka a kan ƙaramin farantin, a kan farin da ke leƙowa, ya ɗauke kai da sauri. Ta yanka masa babban yanki, ta yanka mini, ita ba ta ɗauka ba. Ta naɗe hannu tana kallon sa yana ci.

"Ta yi daɗi?"

"Kamar kullum, Inna."

"Ƙarya kake. Ƙara."

Ta ƙara masa. Ya ci yana haɗiya da ƙyar kamar mai cin ƙasa. Sai da ya ajiye cokali ta yi magana.

"Seppo na gaishe ka. Ya ce in gode maka da ka isar da saƙona."

Jarmo ya dafa tebur da hannu biyu. Bai yi musu ba, wannan kam na ba shi, jininmu ne.

"Na roƙe ki, Inna. Sau nawa na roƙe ki? Na sayo miki waya, kika sa ta a kwanon sukari. Na ce ki jira ni ranar hutu mu je tare, kika ce mustikka ba ta san ranar hutu ba."

"Sai ka kai mini baƙi."

"Ke ba ki ga kanki ba bara! Ni na gan ki. Na hango ki a bakin rafi fuskarki ta kumbura, ƙudaje na bin ki, na tsaya na kasa ƙarasawa don na ɗauka gawa zan taɓa. Kin san abin da na ji? Kullum waya ta yi ƙara a ofis sai gabana ya faɗi. Na ce in babu abin tsinka, babu abin da zai kai ki. Gara ki yi fushi da ni kina raye."

"Ai da ka zo ka faɗa mini a fuskata. Ka ce Inna, zan tona wurinki. In zage ka, ka zage ni, mu san inda muka tsaya. Amma ka tafi ta bayana, ka ari bakina ka ba da kayan kakarka, ka bar ni na tashi da asuba na ɗaura takalmi na tafi kamar wawiya. Na zagi wannan tsohon a banza."

"A banza ƙwarai," na ce. Babu wanda ya kula ni.

"Don ke na yi."

"Na nuna maka wurin don in na faɗi ka ɗauko ni, Jarmo. Ba don ka binne ni da raina ba."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, amma muryarsa ta koma irin ta ofis, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"To, abin da ya faru ya faru. Seppo ya san wurin yanzu, baɗi ma zai riga ki. Ya ƙare, Inna. Ki huta. Akwai ɗaki da ya faɗi a gidajen can, mai taga ta wajen tafki. In kina son piirakka, ni zan riƙa kawo miki 'ya'yan, ko bokiti nawa."

Ya tura mata robobin. Ta dube su, ta dube shi. Sai ta miƙe ta ɗauko takardar naɗi, ta naɗe sauran piirakkar da kyau, ta ɗora a kan robobin ta tura masa duka.

"Kai wa matarka. Ka ce mata ta ƙarshe ce daga tudun."

Jarmo ya sauke numfashi. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya ɗauka ya yi nasara. Ni ma haka na ɗauka, har na fara tunanin me zan riƙa yi da bazarata.

Ta ɗauki bokitin daga ƙasan tebur ta ɗauraye shi, ta goge, ta kife.

"Gobe zan yi sammako," ta ce. "Kafin rana ta yi zafi."

"Sammako zuwa ina? Babu komai a can."

"A can babu. Kana tsammanin kakarka da ta ciyar da gida a shekarun yunwa wuri ɗaya take da shi? Wancan shi ne na kusa, mai sauƙin hanya. Shi ya sa na nuna maka shi."

Jarmo ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Ina ne?"

Ta ɗauki kofuna ta kai wurin wanki.

"Inna, ina ne? Don Allah. Ba zan faɗa wa kowa ba, na rantse. In wani abu ya same ki, ta ina zan fara?"

Ta buɗe famfo. Ya juyo gare ni, mutum mai furfura, kamar yaro.

"Baffa, kai za ka kai ta. Ka lura da inda ta sauka, ka gaya mini hanyar kawai."

Na gyara zama. Na shirya in gaya masa cewa ni Urho ba a aike na leƙen asiri, in kuma gaya wa Hilkka ƙarfe nawa zan zo, don na san ba ta da wani direba sai ni. Ba ta bari na fara ba.

"Ka yi barcinka gobe, Urho. Wannan ba a zuwa da mota."

Ta goge hannu, ta je bakin ƙofar gaba ta ɗauko takalman robarta, har yanzu da laka a jikinsu. Ta ratsa ɗakin da su ta wuce mu, ta ajiye su a ƙofar baya, ta jingina bokitin a gefensu.

Ni da Jarmo muka dubi tagar baya. Daga ƙarshen gonar dankalinta daji ya fara, kuma ni da na yi aiki a cikinsa duk rayuwata na san ba shi da hanya ko ɗaya har bakin iyakar ƙasa.

"Akwai sauran gahawa," in ji Hilkka. "Wa zai ƙara?"